Ɗakin Gumi a Hawa na Tara

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa, na ce!"

Ƙarfe shida da minti biyar na safe ne, a gidan motsa jikin da ke hawa na tara na dogon benen gilashin nan na tsakiyar gari, inda masu hannu da shuni ke zuwa su biya kuɗi a wahalar da su. Gatari, shugaban 'yan fashin, ya ɗirka harsashi ɗaya a silin. Wuri ya kaure. Injinan gudu suka ci gaba da juyawa babu kowa a kansu, wani mai ƙaton tumbi ya zame ya faɗi da gajeren wando yana salati a hargitse.

"Kwalta, loka! Agogo, waya, zobe, kwashe komai!"

Shi kuwa na ukunsu, Filaya, yana can ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye motoci, gumi na bin gadon bayansa. Shekara shida shi ne mai gyaran wutar benen. Yau ranar hutunsa ce, amma ya saɗaɗo ya kashe kyamarori, ya riƙe musu lif ɗin kaya. Shi ya tsegunta wa Gatari cewa agogo ɗaya a lokar nan da manya ke ajiye kayansu ya sayi gida. Shekara shida yana kallon abin, har zuciya ta ci shi.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya: kada a taɓa Kawu. Kawu yayan mahaifiyarsa ne, tsoho mai hawan jini, shi ke raba tawul a sama. Shi ya riƙe Filaya tun yana ƙarami, shi ya samo masa aikin ma.

Lif ya buɗe. Gatari da Kwalta suka fito, jakunkuna biyu, bindiga biyu.

"Mu ware!"

Kwalta ya figi motar ta ƙofar kaya ta baya. Sai da suka yi nisa, suka faɗa cunkoson masu zuwa aiki, sannan Gatari ya tuɓe ƙyallen fuskarsa ya sheƙe da dariya.

"Kai, ka ga manya! Duk ƙarfen da suke ɗagawa, da na ce ƙasa har rige-rige suke."

"Kawu fa?" in ji Filaya.

"Tsohonka garas yake. Ko marinsa ban yi ba."

"A banɗaki kuka kulle su, kamar yadda na ce?"

"Banɗakinku ba ƙofar kirki. Wani ɗakin katako na samu, ba taga, ba komai, sai benci. Su goma sha ɗaya na cusa. Na tokare ƙofar da ƙarafan nan nasu, ko giwa ba ta buɗewa."

Filaya ya zabura. Ya dubi agogon motar. Bakwai saura kwata.

Ɗakin gumi ne. Ɗakin da masu kuɗi ke shiga su gasa kansu minti goma su fito da gudu. Kullum shida da rabi yake kunna kansa, kuma Filaya da hannunsa ya saita lokacin. Makunnin yana waje. Na ciki ba su da yadda za su yi.

"Oga, juya! Wallahi dafuwa za su yi! Ɗakin wuta ne!"

"Wutar me? Sanyi ƙalau na bar shi."

"Ya kunna tun ɗazu! Kwalta, don girman Allah juya!"

Kwalta ya dubi Gatari ta madubi. Gatari bai ko motsa ba.

"Dalla zauna. Wani zai buɗe su."

"Wa? Mai gadi kun ɗaure shi, ma'aikata suna ciki!"

Ya zaro waya. Gatari ya fizge ta, ya dasa masa bakin bindiga a haƙarƙari.

"Ka ci, ka ce ba ka ci ba? Ka kira kowa, a nan zan bar ka. Tsoho ne, ya ci zamaninsa."

Wannan maganar ce ta gama komai. Motar na tafiyar hawainiya a bayan wata tanka. Filaya ya banke ƙofa, ya wuntsila kan titi.

Tau!

Wani zafi ya tsarge masa cinya. Ya faɗi, ya tashi, ya kutsa tsakanin motoci yana jan ƙafa. Mutane suka watse da ihu. Kwalta ya hau gefen titi ya fece. Filaya ya cafke wani mai babur, ya haye bayansa jina-jina.

"Benen gilashi! Rai ne, ɗan'uwa, rai!"

A can hawa na tara, katako ya fara ƙona fata. Manyan mutane, masu kamfani da masu ofis, suna dukan ƙofa suna kuka kamar yara. Numfashi ya zama wuta. Kawu ne kaɗai bai ɗaga murya ba. Ya lalubo 'yar kafar da ke ƙasan ƙofa, inda iska ke shigowa siririya.

"Ranku ya daɗe, a daina dukan nan, ƙarfi yake ci. Bibbiyu za ku kwanta, hanci a nan. Zan ƙirga ashirin, wasu su karɓa."

Suka bi maganarsa, su da ko gaisuwarsa ba kullum suke amsawa ba.

A ƙasa kuwa 'yan sanda sun iso, mota uku. Mai gadi da aka kwance ya rantse bai ga fitar kowa ba, don haka Sifeto ya sa aka zagaye benen, aka hana shiga. Yana jiran ƙarin mutane, yana ta magana da lasifika da 'yan fashin da tuni sun yi nisa.

Nan babur ya zubar da Filaya.

"Koma baya! Kai, koma baya!"

Ya ɗaga hannu biyu sama. Ya san abin da zai fito daga bakinsa ba ya komawa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma ya faɗa.

"Yallaɓai, ina cikinsu. Ni na buɗe musu. Ba kowa a sama sai mutum goma sha ɗaya a ɗakin gumi, kuma yana kunne!"

Gindin bindiga ya sauka a wuyansa. Aka danne shi, ankwa ta shiga.

"Tarko ne, yallaɓai," in ji wani kofur.

"Ku sa ni a gaba! In ƙarya nake ku harbe ni! Kawuna yana ciki!"

Sifeto ya ƙura masa ido, ya dubi jinin da ke malala a ƙafarsa. Minti nawa aka ɓata a wannan kallon, Allah kaɗai ya sani.

"Tashe shi."

Suka gangara ɗakin lantarki na ƙasa. Da hannu a ɗaure Filaya ya kama babban makashin ya ja. Ɗif! Benen gaba ɗaya ya mutu, har da lif. Sai matakala. Hawa tara, da harsashi a cinya. A na huɗu ya faɗi, suka ja shi. A na bakwai ya riƙa rarrafe. Bai san yana kiran "Kawu, Kawu" ba sai da kofur ya ce ya rufe musu baki.

Ƙarti huɗu suka janye ƙarafan. Da ƙofar ta buɗe, hucin da ya fito sai da ya mai da su baya.

Aka riƙa jawo su ɗaya-ɗaya, jajur, wasu a some, wasu na amai. A kawo ruwa! A kira asibiti! Goma suka fito da rai.

Kawu yana can lungun ƙarshe, zaune, ya jingina da bango, tawul a kafaɗarsa kamar mai jiran a kira shi. Sifeto ya taɓa wuyansa, ya daɗe, sannan ya cire hularsa.

Kafin la'asar an gama da sauran. Filaya bai jira duka ba, shi ya faɗi garejin da za a raba kaya. Kwalta ya yi yunƙurin tsallake katanga, aka harbo shi, bai shura ba. Gatari ya fito hannu sama yana rantsuwar ko a kurkuku sai ya yanka Filaya. Agoguna suka koma hannun masu su, ba wanda ya ɓata. Ƙafar Filaya kuwa likita ya ce sai dai a yanke.

Amma duk wannan daga baya ne. A lokacin, yana yashe a bakin ɗakin gumi, mai ƙaton tumbin nan yana kwance kusa da shi, ana zuba masa ruwa a ka, yana yi wa Sifeto bayani da dasasshiyar murya.

"Tsohon nan ne ya cece mu. Ko sau ɗaya bai kwanta a kafar ba. Mun ce Baba zo ka sha iska, ya ce shi ya saba da zafi." Ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Ta ba mu haƙuri yake yi. Yana cewa ɗansa ne mai wutar gidan nan, yaron kirki, ya san lokacin da ɗakin ke kunnawa. Wai da ya ji labari zai zo a guje. Har muryarsa ta ɗauke abin da yake faɗa ke nan."

Mutumin ya juyo, ya ga ankwa, ya ga jini. Bai gane ba.

"Yallaɓai, a nemo yaron nan a gaya masa a hankali. Ina yake?"

Filaya ya kifa goshinsa a kan tayil.

"Ga ni," ya ce.