Kifin Da Kuku Ya Koya Mata

"Na ce ba za ki aure shi ba, Auta! Da wane yare kike so in faɗa miki?"

"Da yaren da ke ɗauke da dalili, Yaya!"

Auta ta doka wuƙa a kan katako. Tsokar kifi huɗu ke kwance a gabanta, an saɓule fata, an zare ƙaya, farare sol kamar an yi musu likkafani.

Wata uku ke nan 'yan'uwan nan biyu suna wannan ɗauki-ba-daɗi, duk a kan wani kukun jirgin ruwa mai siririn gashin baki da zaƙin harshe. Ya sha yawo a ƙasashen Asiya, ya dawo da wani salon girki da ya juya wa yarinya kai. Yau da azahar zai kawo mahaifiyarsa ta ga Auta, shi ya sa ake wannan rawar jiki a kicin.

Auta ta kankare ɗanyar citta da tafarnuwa a kwano. Ta zuba baƙin ruwan waken soya, da man riɗi, da zuma cokali ɗaya. Ƙamshi ya turnuƙe ɗakin.

Yaya ta toshe hanci, ta kau da kai.

"Hassada ce kawai," in ji Auta. "Ni kaɗai ya koya wa haɗin nan a duniya. Ya rantse mini!"

Ta yanka lemon tsami, za ta matsa a kan kifin...

Caraf Yaya ta riƙe mata hannu.

"Ba yanzu ba, sakarya! Zai dagargaje kafin ya ga wuta. Sai an sauke ake matsawa. Ina ɓawon lemon da ake babbakawa a daka a ciki?"

Auta ta juyo ta dube ta sama da ƙasa.

Wannan fa Yayar da ko ƙwai ta soya sai maƙwabta sun leƙo tambayar me ya ƙone!

"Yaya... wa ya gaya miki zancen ɓawon lemo?"

"A waya na gani."

"Ƙarya ne. Ya ce shi ya ƙirƙiro abinsa a tsakiyar teku."

Yaya ta sake ta, ta zauna a kan buhun shinkafa. Idonta ya kaɗa ya yi jajir.

"Zumata yake kiranki, ko?"

Auta ta ajiye lemon a kan katako.

"Yana tsayawa a bayanki yana nuna miki yadda ake juya kifi. A kaskon nan ya koya mini, kina makarantar kwana. Ni ma na tsuma kifi ina jiran mahaifiyarsa. Har ya yi wari a firij ba su zo ba, ashe tun da safe jirginsu ya tashi. Kunya ta hana ni gaya wa ko Mama."

"Shi ne wata uku kika rufe ni?"

"Ya ce in na buɗe baki, akwai hotunana a wurinsa."

Sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Aka ji Mama a falo tana lale marhabin da baƙuwa, sannan takun takalmi ya nufo kicin, a hankali, kamar na mai gida.

Ya leƙo yana murmushi, ya shaƙi ƙamshi.

"Zumata..."

Su biyun suka ɗago kai.

Murmushin ya daskare a fuskarsa. Ya kalli Yaya, irin kallon da mahauci ke yi wa akuya.

"Me kika gaya mata?"

Bai ma musa ba, kun ji!

Auta ta kwance ƙyallen girkinta, ta ninke shi tsaf. Ta ɗauki kwanon kifin ta ɗora masa a hannu, baƙin ruwan ya fallatsa a farar rigarsa.

"Ka soya wa ta uku. Ni zan je falo in gaishe da mahaifiyarka, in ba ta labarin hotuna."

"Masoyiyata, tsaya ki ji..."

Ta fice, ta maka ƙofar da ƙarfi har murfin tukunya ya faɗo daga kanta.