'Ya'yanmu Ɗari Biyu

Ranar da suka fara haɗuwa, wuta ta yi awa biyar da ɗaukewa. Ta shigo shagonsa na gyaran batir tana haki, rungume da wani tsohon batirin mota.

"Malam, taimaka. Ƙwai ɗari biyu ne a injin ƙyanƙyasata. In suka yi sanyi, jarina ya tafi."

Ya dubi batirin, ya dube ta. "Wannan ai ya riga mu gidan gaskiya. Ɗauki nawa, Uwar Tsaki."

Sunan ya bi ta. Ita kuma ta sa masa Injiniya. Kullum aka ɗauke wuta sai saƙonsa ya shigo: "An ɗauke a nan. Ki duba su, ki kuma duba zuciyata."

"Su dai na duba. Zuciyarka ta bi layi," ta kan amsa tana murmushi.

Mahaifinta bai so zancen ba. Ya fi son ɗan abokinsa, wanda janaretansu ke kwana yana ruri. "Ina jin tsoron ki wahala ne, 'yar nan," in ji shi. "Mai ɗaure-ɗauren waya me zai riƙe ki da shi?"

Wata safiya ta bar wayarta a kan tabarma, saƙo ya shigo, idon Baba ya faɗa kai: "Rabin raina, ya 'ya'yanmu? Saura kwana biyu su fito. Kada Baba ya buɗe ɗakin."

Baba ya zauna daɓas, hularsa ta faɗi. Nan take ya aika a kira Injiniya.

"Waɗanne 'ya'ya? A gidana?"

Kafin saurayin ya buɗe baki, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak.

Injiniya ya ciro wayoyin batir. "Baba, ka yi min faɗan daga baya, na roƙe ka. Yanzu riƙe min wannan jar wayar."

Suka shiga ɗakin ajiya. Baba ya ga ƙwai jere a cikin akwatin gilashi, ɗaya har ya tsage, ɗan baki na leƙowa.

"Su ke nan?"

"Su ke nan, Baba," ta ce tana rufe fuska. "In ana yawan buɗewa, ɗumin fita yake."

Wuta ba ta dawo ba sai bayan kwana biyu. Ɗan abokin ya ce man janareta ya yi tsada, ba zai iya ba da aro ba. Injiniya kuwa ya rufe shagonsa, yana ta jigilar batir a keke, ya kai wanda ya mutu caji, ya kawo mai rai.

Ɗari da tamanin da bakwai suka fito, kukansu ya cika gida.

Baba ya ɗauki ɗaya a tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

"Injiniya, turo manyanka. Wanda bai bar ƙwai ya yi sanyi ba, ba zai bar 'yata ba."

Ranar ɗaurin aure, ana tsakiyar addu'a aka ɗauke wuta. Lasifika ba ta ko yi tari ba, batirin ango na ƙarƙashinta.

"Allah ya ba ku 'ya'ya na gaske," in ji Baba. "Amma ni za ku fara gaya wa, ba waya ba."