Jinin Gidan Ƙasa

Takardar ta faɗo daidai gefen farantin Nélida, ana tsaka da cin abincin ranar Lahadi.

"Ɗauki ki karanta wa kowa," in ji Doña Aurora, mahaifiyar Limberg, saurayin da Nélida za ta aura. "Ko ni zan karanta miki?"

Nélida ba ta taɓa ta ba. Ta san sakamakon gwajin jininta ne. Ta dubi Yesenia, 'yar aminiyar Doña, wadda ke aiki a ɗakin gwajin asibitin unguwa, wadda kuma ta daɗe tana son Limberg. Yesenia na ta juya cokali a kofi kamar ba ita ta kwaso ba.

Saura mako uku bikin Nélida da Limberg.

"Chagas," Doña ta faɗa tana yatsina fuska. "Ciwon 'yan ƙauye masu kwana da ƙwaron vinchuca a bangon ƙasa. Shi za ki shigo mini da shi gida, ki zuba wa jikokina?"

"Mama, don Allah," Limberg ya ce. "Na sani. Tun ranar ta gaya mini."

"Ina shan magani, Doña. Kwana sittin ne. Likita ta ce in na gama kafin in ɗauki ciki, da wuya ya taɓa 'ya'yana. Shi ya sa ma na je aka gwada ni."

"Shi ya sa wuyanki ya koma kamar na kazar da aka fige."

Yesenia ta ƙyalƙyale da dariya. Nélida ta ja gyalenta ta rufe ƙurajen da maganin ya feso mata, ta tashi ta fita.

A gida ta tarar da mahaifinta, Don Casiano, zaune a bakin ƙofa da kwalin ƙwayoyin a hannu. Kullum haka yake, ya bar gyaran takalman mutane ya dawo da rana don ya ga ta haɗiye da idonsa.

"Sun gano ko?" ya tambaya.

Ta gyaɗa kai.

"Ni na gina ɗakin ƙasan nan na ƙauyenmu a Chaco da hannuna, 'yata. Ina murna na yi muku inuwa, ashe..." Ya miƙo mata ruwa. "Sha. Su fasa auren in sun ga dama. Na binne uwarki, ba zan binne ki ba."

Da la'asar Limberg ya zo da cuñapé mai zafi a takarda, burodin rogo da cuku irin wanda take so. Suka zauna ƙarƙashin mangwaro.

"Haba 'yar baƙata, daina kuka. Ko garin Santa Cruz gaba ɗaya zai taru, ke zan aura. Kaza ce ke ko agwagwa, duk ina so."

Ta yi dariyar dole, ta kwantar da kanta a ƙirjinsa.

Nan ta ji.

Bugu uku, sai shiru. Bugu biyu da sauri, sai shiru kuma. Tana da shekara tara ta taɓa jin irin wannan a ƙirjin mahaifiyarta.

"Limberg... tun yaushe zuciyarka ke yin haka?"

"Tun da na gan ki."

"Ba wasa nake ba. Ka zo mu je a gwada ka."

Ya janye jikinsa. "Ni? A asibiti aka haife ni, a gidan siminti na tashi. Ban taɓa ganin ƙwaron nan ba sai a hoto."

"Uwa kan ba ɗanta tun yana ciki."

"Uwata 'yar birni ce."

"To me ya sa duk gadajen gidanku ba sa taɓa bango? Ka duba ka gani, har na baƙi. Haka muke yi a ƙauyenmu, don kada ƙwaron ya sauko wa mai barci. 'Yar birni ba ta san wannan ba."

Fuskarsa ta canja. "Ramawa kike so ki yi, Nélida?"

"Kai nake so ka rayu."

"Kin san abin da kamfaninmu ke yi wa direban da takardarsa ta fito da wannan? Ba sa ce maka an kore ka. Mota kawai ba za ta sake zuwa hannunka ba." Ya miƙe ya kaɗe wando. "Gajiya ce. Bayan biki zan huta."

Washegari ta je shagon yadin Doña Aurora. Ta jira har masu saye suka watse.

"Doña, ki zage ni yadda kike so. Amma zuciyar ɗanki tana tsallake. A ina aka haife ki?"

Almakashin ya tsaya a tsakiyar yadi. Na ɗan lokaci Nélida ta ga tsoro tsirara a idon matar, har ta sa rai.

"Fita," in ji Doña a hankali. "Kuma idan kika kai wannan maganar kunnen dangin mijina, ko a coci kada ki gaishe ni."

Ranar Asabar, ana cikin ƙwallon unguwa, Limberg ya zube a tsakiyar fili ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Kafin Nélida ta isa asibiti an riga an rufe masa fuska.

Likitan ya tsayar da su a baranda. Ya ce zuciyar ta kumbura, ba aikin wata ɗaya ba ne, aikin shekaru ne, kuma da an zo da wuri akwai abin da za a iya yi. Sai ya dubi Doña Aurora.

"Shin ke ko shi, akwai wanda ya taɓa zama a ƙauye?"

"Babu," ta ce.

Da likitan ya wuce, ta kamo hannun Nélida ta ja ta bayan ginshiƙi. Kwalliyarta duk ta dame.

"A wani ƙauye kusa da Camiri aka haife ni," ta ce da raɗa. "Ina da shekara sha huɗu na gudo. Uwar mijina ko kofi ɗaya ba ta sha da 'yan aikinta na ƙauye. Da ta sani, da ba a aure ni ba. Shekara talatin ban bari an ɗebi jinina don wannan ba..."

Nélida ta tsaya tana kallonta. Ta nemi tausayi a ranta, ba ta samu ba.

"Kin sani ranar da kika jefo mini takarda."

"'Yata, ki rufa mini asiri. A ce bugun zuciya ne. Ya riga ya tafi, me faɗar za ta ƙara?"

Yau ne karo na farko da ta kira ta 'yarta.

A kan benci, Dayana, ƙanwar Limberg, tana kuka riƙe da cikinta na wata bakwai. Yesenia na tsaye kusa da ita, ta kasa ɗaga ido.

Nélida ta zare hannunta. Ta cire gyalen ta bar wuyanta a buɗe, ta taka har gaban bencin.

"Nélida, kada," Doña ta ce daga bayanta.

"Dayana, taso," in ji Nélida. "Ke ma sai an gwada jininki. Ɗakin gwaji yana sama. Ni na san hanya."