Lokmar Mediha a Ranar Ruwan Sama

Koray ya karyo kwanar masallaci da ayarin baƙinsa a baya, bakinsa na zuba kamar kullum, sai ga motar suyar lokma, wani ɗan ƙosan fulawa mai zaƙi, a tsaye, layi ya miƙe har ƙofar masu sayar da zaitun. A cikin motar wata yarinya tana matso ƙullu daga tafin hannunta, tana yankowa da cokali, yana faɗawa cikin mai ɗaya bayan ɗaya, ko kallon kaskon ba ta yi.

Nan take maganar Koray ta tsaya cak.

Ni shagona na kayan lambun da ake jiƙawa a ruwan tsami yana daura da wurin, a bakin kasuwar Kemeralti, don haka a idona aka yi komai. Yaron nan tun yana ƙarami bakinsa ba ya mutuwa. Sana'arsa yawo da baƙi cikin Izmir yana ciyar da su. Da sassafe ya kai su ga burodin boyoz mai zafi da dafaffen ƙwai, da hantsi gahawar da ake dafawa a cikin kofinta, da la'asar su tsaya a kaina su sha ruwan tsami suna yamutsa fuska, rana na faɗawa teku suna zaune gaban gasasshen kifi. Har ɗan littafi ya rubuta a kan cimar garinmu. Amma ranar nan, wallahi, ya manta da akwai mutane a bayansa.

Ya matsa jikin motar ya ce, "Sannu da aiki."

Ta ce, "Shiga layi."

"Ni ba lokma ta kawo ni ba."

"Kowa haka yake cewa. Shiga layi."

Ya shiga, baƙinsa suka bi shi. Ya ci, ya sake zagayowa. Da ta ƙara ganinsa a gabanta sai ta ɗago ido, ta danne dariya.

"Mamacin ya gode, amma akwai mutane a bayanka."

Sunanta Nergis, 'yar Usta Rifat mai suyar lokma, ita kaɗai Allah ya ba shi. Usta kuwa haka muke kiran gwanin sana'a a nan. Lokmar irin wannan mota ba a sayar da ita. Wanda aka yi wa rasuwa shi ke ɗaukar mai suya, a kafa hoton mamaci a jikin mota, duk wanda ya zo wucewa ya karɓi nasa da ɗuminsa, zuma na ɗiga, ya ce Allah ya karɓa, ya kai haske kabari. Attajiri da ɗan dako layi ɗaya suke bi. Na tsufa a garin nan, amma har yau idan na ga mutum ya tsaya yana yi wa wanda bai taɓa sani ba addu'a da baki cike da zaƙi, sai tsigar jikina ta tashi.

Yadda aka yi ya samu lambarta, kada ku tambaye ni. Ni dai na san akwai wata tsohuwa mai shagon kayan tsami da ta sha magiya.

Kullum da safe saƙonsa ke tashinta.

"Barka da asuba, zumata. Yau ina za ku yi suya? Ki faɗa mini in san inda rana za ta fito."

"Bakin tashar jirgin ruwa. Ka rage zaƙin baki, zumar da ke tukunyata ta ishe ni."

Duk inda ta ambata, sai ga shi da ayarinsa. Ranar da ba ta da aiki kuma shi ke jan ta yawo. Yarinyar da ta tashi cikin hayaƙin mai ba ta san rabin garinta ba. Ya kai ta wani lungu inda wani tsoho ke gasa burodi mai riɗi a murhun da ya gada daga kakansa. Ya tsayar da ita gaban tiren midiye, 'yan kwanson teku da ake cusa wa shinkafa, mai sayarwa na buɗewa yana matsa lemon tsami, tana ci har ta daina ƙirgawa.

Ta ce, "Koray, ashe duk wannan a garinmu yake?"

Ya ce, "Ruhina, ni ma da na ce na san shi, sai da na bi shi da ke na gan shi."

Ta ji son sa har cikin ƙashinta, ba ta kuma ɓoye masa ba.

To, ai ba a rasa nono a ruga. Akwai Serkan, mai gidan cin kifi a bakin teku, mai takalmi kamar madubi, wanda ya daɗe yana kai wa Usta Rifat gaisuwa da manufa. Shi ya ɗauki littafin Koray ya kai wa tsohon a wurin shan shayi, ya buɗe masa shafi. Ga motar Usta nan ɓaro-ɓaro, an sa ta cikin wuraren da baƙo zai ci idan ya biya kuɗin yawo, an rubuta zaƙin kyauta. Ga hoton baƙi suna wage baki suna ɗaga faranti, a bayansu fuskar wani bawan Allah da ko arba'in bai yi a ƙasa ba.

Usta ya aika aka kira Koray. Nergis tana tsaye bakin ƙofa.

Koray ya ce, "Usta, ai sadaka ba a hana kowa. Ni ma tun ina yaro nake ci."

Usta ya ce, "Gaskiya ne, ba a hanawa. Amma kai sayarwa kake yi. Mutane sun binne nasu, sun tattara abin da suke da shi sun yi musu sadaka, kai ka maishe ta abin kallo. Ko sunan mamacin ka taɓa faɗa musu?"

Koray ya sunkuyar da kai. Bai taɓa ba. Abin da ido ya saba gani kullum, shi ne yake daina gani.

"Kada in ƙara ganinka da baƙinka a layina. 'Yata kuma ba ta mutumin da bai san darajar matattu ba ce."

"Na yi maka alkawari, Usta. Ba zan ƙara kawo kowa ba."

Abin da ya fi yi wa Nergis ciwo daban ne. Serkan ya raɗa mata cewa duk saƙon safiyar nan ba so ba ne, neman sanin inda mota za ta tsaya ne. Da yamma ta rubuta masa:

"Ashe ni allon sanarwa ce. Kullum ina za ku yi suya, ni kuma ina ta murna. Allah ya ba ka wata mai faɗa maka."

Ya amsa mata:

"Na yi laifi, ba zan musa ba. Na cire shafin, na janye littafin. Amma Nergis, ko da dutse kike soyawa zan tambayi inda kike. Ki yarda da wannan kaɗai."

Ta karanta, ta yi kuka, ba ta amsa ba.

Haka aka shiga sanyi. Koray ya rame, yana wucewa da baƙinsa ta gaban shagona kamar marar lafiya. Idan ya hango motar lokma, ko ta wani ce, sai ya sauya hanya. Na ce masa, "Kai, ɗan nan, ruwan tsamina ma ya fi fuskarka daɗin kallo." Ko murmushi bai yi ba.

Sai ranar Mediha ta zagayo.

Mediha ita ce matar Usta, uwar Nergis. Kowace shekara ranar da ta rasu Usta ba ya karɓar aikin kowa. Da hannunsa yake kwaɓa ƙullu, ya kafa hotonta, ya tsaya a ɗan filin da ke bayan kasuwa inda suka fara sana'a tare. Shi ke nan abin da ya rage yana iya yi mata.

Ranar kuwa sama ta ɓalle. Tun safe ruwa kamar da bakin ƙwarya, titi ya zama rafi, kowa ya shige inda zai fake. Ƙullu ya tashi har yana neman zubowa, mai ya yi zafi, fili fayau babu ko kare. Serkan da ya yi alkawarin turo ma'aikatansa, furanni ya aiko, wai hanya ba ta biyuwa. Usta ya zauna a kan kujera yana kallon hoton matarsa.

Nergis ta kasa jurewa. Ta ciro waya ta rubuta wa Koray.

"Yau ranar Mama ce. Babu wanda ya zo. Ko mutum ɗaya bai yi mata addu'a ba. Baba ya zauna kamar yau ta rasu. Ban san dalilin da ya sa kai nake faɗa wa ba."

Amsa ta zo nan da nan.

"Ki zuba ƙullu a mai, ruhina."

Lokacin yana cikin rumfar kasuwa, ya fake da baƙinsa. Sai kawai muka ji muryarsa tana tashi layi-layi, wannan bakin da Allah ya hore masa.

"Jama'a! Lokmar Mediha na kan wuta, babu mai ci! Wa ya taɓa cin abin hannunta? Wa ta taɓa yi wa uwarsa suya?"

Wa zai ce bai taɓa ba? Duk wanda yaron nan ya taɓa kawo wa ciniki ya san shi, duk wanda ya binne wani ya san Mediha. Mai boyoz ya fito da tire a ka maimakon lema. Mai gahawa ya kashe wuta. Masu midiye, masu zaitun, masu ɗinki, 'yan dako da buhu a ka. Ni da gwiwata ke ciwo na ja ƙofa na rufe, na bi sahu.

Da muka ɓullo filin, Usta ya miƙe tsaye a hankali. Layi ya taso daga bakin motarsa, ya zagaye filin, ya shige kasuwa, ba a ganin ƙarshensa. Ruwa na dukan mutane, tururi na tashi daga faranti, kowane baki sunan Mediha. Subhanallah! Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ba na jin zan ƙara gani.

Can Usta ya hango wasu mutane a tsallaken titi, sun jiƙe sharkaf, ba su shigo layi ba. Koray na tsaye a gabansu.

Ya ɗaga murya. "Kai! Waɗancan fa?"

"Baƙina ne, Usta. Sun ƙi zama a rumfa. Amma na yi maka alkawari, ba za su tsallako ba."

"Sun san ta wace ce?"

"Na faɗa musu sunanta. Na faɗa musu ita ta koya wa Nergis suya."

Usta ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ɗaga ludayi ya yafito su.

Babu wanda ya ciro waya don ɗaukar hoto. Wata tsohuwa 'yar Girka ta karɓi faranti, ta tsaya gaban hoton tana motsa baki, hawaye na bin kuncinta. Wani dattijo ɗan Japan ya rusuna, ya daɗe bai ɗago ba, ruwa na zuba a ƙeyarsa. Wasu mata da miji 'yan Malesiya suka ɗaga hannu suka karanta Fatiha, filin gaba ɗaya ya amsa da amin.

Usta Rifat, mutumin da ko ranar jana'iza ba a ga hawayensa ba, ya rufe fuska da gefen rigarsa.

Ya ce, "Mediha ko jirgi ba ta taɓa hawa ba. Yau ga duniya ta zo mata har gida."

Koray ne na ƙarshe a layi. Nergis ta miƙa masa faranti, idonta jajir.

Ya ce, "Allah ya karɓa. Allah ya haskaka kabarinta."

Ta ce a hankali, "Amin, masoyina. Na yarda."

Usta ya share fuska ya harare shi. "Ka tsaya kana ɗiga kamar kazar da ta faɗa rijiya. Ba ka da manya ne? Ka turo su."

Da bazara aka ɗaura aure, a bakin teku, rana na gangarowa ruwa ya yi ja. Kasuwa kaf ta hallara, kowa da abin hannunsa, har tebura suka kasa ɗauka. Serkan ma ya aiko da kifi, a gaishe shi.

Da lokacin tafiyar amarya ya yi, Nergis ta durƙusa ta sumbaci hannun mahaifinta ta kai goshi, Koray ya yi haka shi ma. Usta ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya tsufar da ku a kan matashin kai ɗaya, ya sa tukunyarku kada ta huce."

Muka ce amin, amarya ta yunƙura za ta tashi. Sai ya ƙara danne kanta.

"Tsaya, 'yata. Wannan tawa ce. Saura ta uwarki."

Ya sake ɗaga hannu, ya faro daga farko.