Ƙullin da Ya Ƙi Kwancewa

A unguwar masunta ta garin Wudil, dab da bakin kogi, akwai wani yaro ɗan aji biyar. Yaron yana da ƙoƙari a makaranta, ba laifi. Amma fa akwai shi da rawar kai. Duk abin da idonsa ya gani, sai hannunsa ya gwada.

Mahaifinsa, Malam Garzali, masunci ne. Yana da kwale-kwale mai inji. Doka ɗaya ya kafa wa 'ya'yansa: kada wanda ya kuskura ya tayar da injin nan in ba ya nan.

Wata rana yayan yaron, Maikano, ɗan shekara goma sha biyar, ya nuna masa wani bidiyo a waya. Wani farin jirgin ruwa ne na shaƙatawa. Ruwa yake zuƙa ya feso shi ta baya da ƙarfi, yana gudu kamar zai tashi sama. A bayansa ga wani mutum tsaye a kan 'yan katakai biyu. Jirgin yana jan sa da igiya, shi kuwa yana sulu a kan ruwa yana dariya.

Yaron ya saki baki. "Yaya, mu ma ai za mu iya!"

"Kai dai ba ka da hankali," in ji Maikano. "Ina muka ga irin wannan jirgi?"

"Ba ga na Baba ba? Shi ma ai inji gare shi."

"Ka manta dokar Baba ke nan?"

"Sau ɗaya tak, Yaya. Don Allah, don Annabi."

Kwana uku yana wannan naci, a gida da hanyar makaranta. Tun Maikano yana korar sa har ya gaji ya ce to.

Ranar Asabar da safe Malam Garzali ya tafi Achika gaisuwar rasuwa. Ko ƙurar babur ɗinsa ba ta kwanta ba yaron ya ɓalle katako biyu daga wani tsohon benci. Ya samo tsofaffin silifas, ya kafe su a kai da ƙusa. Wai shi nan ya haɗa kayan wasa. Inna tana ɗaki tana tankaɗe, shi da Maikano suka sulale suka nufi kogi.

Yaron ya shiga ruwa har ƙugu, ya zura ƙafafunsa a silifas. Maikano ya ɗaura igiya a bayan kwale-kwale, ya jefo masa ɗaya bakin. Da yaron ya riƙe ta, sai ya ji ta jiƙe tana santsi.

"Wannan ai suɓucewa za ta yi," ya ce a ransa.

Sai ya naɗa ta a wuyan hannunsa na dama. Ya yi mata ƙullin da Baba ya koya masa na ɗaure jirgi a jikin turke. Shi wannan ƙulli, ana ƙara jan sa yana ƙara kamewa. Yaron har da jin daɗin dabararsa. Kaico!

"Yaya, ja mu tafi!"

Inji ya ɗauki ƙara. Igiya ta miƙe. Yaron ya ɗan taso saman ruwa, iska ta bugi fuskarsa. Bai gama buɗe baki ya yi ihun murna ba, katako ɗaya ya nutse. Sai ji kake tinjim!

Ya so ya saki igiya, ina! Igiya ta riga ta kama shi. Kwale-kwale ya yi ta jan sa a cikin ruwa. Ruwa ya cika masa hanci da baki. Maikano kuwa gabansa kawai yake kallo, ƙarar inji ta toshe masa kunne.

Allah ya sa akwai masu ɗibar yashi a gefen kogi. Suka yar da shebur, suka hau ihu suna ɗaga hannu. "Kai yaro! Kashe inji! Ƙaninka ya nutse!"

Maikano ya waiga, ya yi maza ya kashe inji. Wani dattijo cikin masu yashin ya faɗa ruwa ya tallabo yaron. Aka yi aka yi a kwance ƙullin, ya ƙi. Sai da aka sa wuƙa aka yanke igiyar, aka garzaya da shi asibiti a sume.

A asibiti yaron ya farfaɗo, ya amayar da ruwa mai yawa. Hannunsa ya kumbura suntum. Igiya ta bar masa zobe ja a wuyan hannu.

"Motsa yatsunka in gani," in ji likita.

Yaron ya yi ƙoƙari har ya yi gumi. Ko ɗaya bai motsa ba.

Likita ya dubi Malam Garzali, wanda ya baro wurin gaisuwa a gigice. "Igiyar ta danne jijiya, ta ji rauni. Wataƙila hannun ya dawo, wataƙila kuma ya tsaya haka. Sai dai mu jira, a ci gaba da magani da addu'a."

Inna ta sa gefen mayafi ta rufe fuskarta. Malam Garzali ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Yaron ya zaci in an koma gida zai sha bulala. Ba wanda ya taɓa shi. Wallahi da an dake shi da ya fi masa sauƙi. Baba ya rage magana. Maikano ya daina taɓa waya, in ya kalli hannun ƙaninsa sai ya tashi ya fita.

Hannun nan yana rataye a wuyansa da ƙyalle, ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi. In an kawo tuwo, Inna ce take ba shi a baki kamar jinjiri. In baƙi sun miƙo hannu a gaisa, sai ya sunkuyar da kai. Littattafansa suna cikin jaka, ba ya iya riƙe ko fensir.

"Inna," ya ce wata rana, hawaye na zuba, "shi ke nan na zama mai hannu ɗaya?"

"Ka daina faɗin haka," in ji Inna. "Allah da ya fito da kai daga ruwa, bai gaza ba."

A mako na uku malamar ajinsu, Malama Hansai, ta zo duba shi. Bayan sun gaisa da Inna, ta ce a kira Maikano ya kawo bidiyon. Ta zaunar da su biyun a kan tabarma.

"Yau tare za mu kalla, kuma a hankali," in ji ta. "Mutumin nan, a ina ya ɗaura igiyar?"

Yaron ya ƙura ido. "Malama, bai ɗaura ba. Wata 'yar sanda ya riƙe."

"To, kalli nan da ya faɗi. Me ya yi?"

"Ya sake ta."

"Me ke jikinsa?"

"Wata riga mai kauri. Ita ta hana shi nutsewa."

"Kai kuma Maikano, mutum nawa ne a cikin jirgin?"

"Biyu ne, Malama," in ji Maikano a sanyaye. "Ɗaya yana tuƙi, ɗaya ya juyo yana kallon na bayan."

"Kun gani ko? Mutanen nan sun daɗe suna koyo a wurin waɗanda suka iya. Ku dariyarsa kawai kuka gani. Kuma ga mahaifinku, ya fi shekara talatin a kan ruwa, ba ku tambaye shi ba."

Da Malam Garzali ya dawo daga kamun kifi da yamma, yaran suka durƙusa a gabansa.

"Baba, mun karya dokarka. Ka yafe mana," in ji yaron. "Ni na matsa wa Yaya."

Malam Garzali ya dube su. Sannan ya ce, "Ba don rowa na hana ku injin nan ba. Na san ruwa, na ga abin da ya yi wa manya ma. Na yafe muku. Allah ya shirye ku."

Daga ranar, kullum bayan sallar asuba Baba yakan zauna ya gasa hannun da ruwan ɗumi. Yakan miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya, yadda likita ya nuna. Mako biyar, shiru. Mako shida, shiru. Yaron har ya fara fid da rai.

Ran nan da safe Inna ta ajiye koko da ƙosai, ta juya ɗauko cokali. Yaron ya ji wani abu yana yi masa tsam-tsam a tafin hannu, kamar tafiyar kiyashi. Ya kai hannun kan kwano. Babban yatsa ya motsa. Manuni ma ya biyo baya. A hankali, a hankali, ya damƙi ƙosai ɗaya ya kai bakinsa.

"Inna! Baba! Da kaina na ci! Da hannun dama!"

Inna ta saki cokali ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Maikano ya rungume ƙaninsa yana kuka yana dariya. Malam Garzali ya ɗaga hannuwa sama yana ta alhamdu lillahi.

Bayan wata guda yaron ya koma makaranta, yana rubutu da hannunsa.

Yara, ba duk abin da kuka gani a waya ne za ku kwaikwaya ba. Kafin ku gwada abu mai haɗari, ku tambayi manya waɗanda suka sani. In kuma iyaye suka hana ku abu, ku hanu, don ƙaunarku ce ta sa suka hana.