Akwatin Da Bai Kai Ba

"Ɗauko jakarki mu tafi! Ba zan zuba ido ki bushe a gidan nan ba!"

Mama ce tsaye a bakin ƙofa, yayana kuma yana jira a mota.

"Mama, mijina ne fa..."

"Miji? Wata biyu da binne 'yarku, ya taɓa kwana a ɗakin nan? Ko sannu ya taɓa ce miki? Ni ma jika na rasa, amma ban rasa hankalina ba!"

Tun ranar da zazzaɓi ya ɗauke mana 'yarmu, watanta bakwai kacal a duniya, mijina ya tare a shagonsa na kafinta. In na kai abinci, haka zan dawo da shi. Coci ya daina zuwa, Fasto ya yi sawu har ya gaji. Ni ina zuwa, amma in an ce a rufe ido a yi addu'a, idon kawai nake rufewa.

Na shiga motar, amma na ce sai an tsaya a shagon. Ina sonsa, ba zan tafi kamar ɓarauniya ba.

"Minti goma," in ji Mama. "Kika wuce haka, da kaina zan fito da ke."

Na same shi zaune a kan benci, rana na dukan bayansa ta taga. Garin katako har cikin gashinsa. Ya rame, wuyansa kamar na kaza.

"Tafiya zan yi," na ce.

"Gara haka."

Kai! Raina ya tashi. "Gara haka? Abin da za ka ce ke nan? Ni kaɗai na haife ta? Ni kaɗai na rasa ta? Dube ni mana, masoyi! Me na yi maka?"

"Ba ke ba ce..."

"To wa?"

Ya murza tef ɗin awo a hannunsa.

"Akwatin gawar 'yarmu... ni na haɗa shi, kin sani. Na ce babu mai taɓa mata katako sai ni. Ban auna ta ba. Na kasa. Da awon da na sani tun tana jaririya na yi aiki." Ya ajiye tef ɗin. "Ashe ta girma, zuciyata. Kullum ina nan ina bugun ƙusa, ban san 'yata ta yi tsawo ba. Akwatin bai kai ba! Mutane na jira, Fasto na jira... sai na lanƙwasa ƙafafunta na rufe."

Na durƙusa a gabansa. Ranar binnewar ban duba cikin akwatin ba, mata sun rirriƙe ni a ɗaki.

"Ƙofofin mutane ban taɓa kuskure awonsu ba," ya ce yana kuka kamar yaro. "Ita kuwa tana can a takure har abada. Da wane ido zan dube ki? Da wane baki zan kira Allah?"

Zuciyata ta yi zafi, na ji kamar in mare shi, na ji kamar in goya shi. Na kama fuskarsa da hannu biyu. Maganar da ta fito ban shirya ta ba, ni da na yi wata biyu ban ce amin da gaske ba.

"Ba har abada ba ne! Ka ji ni? Yesu ma an sa shi a kabari, bai zauna ba. Ranar da zai kira ta, za ta miƙe ƙafafun nan, da gudu za ta fito!"

"Kin gaskata haka?"

"Jiya ban sani ba. Yanzu na gaskata, don in babu wannan, ni da kai mun ƙare."

Ya sauko daga bencin, goshinsa a kafaɗata, hawayensa na jiƙa min riga.

"Na manta yadda ake addu'a," ya ce.

"Ni ma. Mu kira sunansa kawai, ya san sauran."

A waje yayana ya danna hon sau uku. Na ji Mama na kirana.

Ban tashi ba.