Ƙofar da Sunanta Ya Buɗe

Ran da Asama'u ta fara shiga shagon intanet na Zulkifilu a Agege, sunanta ne ya rikita masa manhaja. Shi ya rubuta abarsa: kowane memba da sunansa da kalmar sirrinsa, in ya shiga ya tarar da saƙonninsa. Tana buga suna, allo ya cika da jan rubutu.

"'Yar alamar nan ta tsakanin a da u ce ba ya so," in ji shi. "Mu cire ta."

"A sunan nawa? Gyara injinka dai, oga."

Ya yi dariya, ya lallaɓa ya shigar da ita, gyaran ya ce sai gobe. Soyayya ta riga goben zuwa. Wani saurayi mai suna Bature, mai gyara musu kwamfuta, yana tsaye ya ga komai, shi ma kuma ta kwanta masa a rai.

Da Zulkifilu ya aika magabatansa, mahaifinta Alhaji Hamidu, dillalin shanu a kwata, ya ɓata rai. "Yaran intanet ɗin nan 'yan damfara ne." Da kyar ya yarda zai bincika.

Ana cikin binciken saƙo ya fito daga akwatin saƙonninta na shagon: "Zulkifilu, ka fita harkata. Bature nake so." Bature ya buga shi a takarda ya kai wa Alhaji. Gida ya ɗau zafi, aka ce tana wasa da maza biyu, aka hana ta fita.

Zulkifilu ya tura mata tes ta waya: "Na gani. Ke kaɗai kika san kalmar sirrinki. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Amsa ta zo: "Nawan, tun da aka kawo gaisuwarka ka taɓa jin na kama sunanka? Sake karantawa."

Ya sake karantawa, ya ga sunansa ɓaro-ɓaro a farkon saƙon, sai ya tuna gyaran da bai yi ba. Ya zauna ya buga alamar nan ta cikin sunanta a gurbin suna, ya ƙara 'yan kalmomi. Akwatinta ya buɗe babu kalmar sirri. Kunya ta rufe shi.

Ya roƙi Alhaji ya zo shago. A gaban membobi ya ce, "Baba, ku zaɓa wa akwatinta sabuwar kalmar sirri da ba wanda ya sani." Alhaji ya zaɓa, aka juya baya ya buga. Nan take Zulkifilu ya shiga akwatin ba tare da kalmar ba.

"Sakacina ne, Baba. Duk wanda ya san dabarar zai iya rubutu da sunanta. Ba ta yi komai ba."

Aka waiga inda Bature yake tsaye, babu shi, ya sulale. Membobi suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa na tsoron a shiga akwatinsa.

"Ka san ka kashe kasuwarka?" in ji Alhaji.

"Na sani. Gara shagon da mutuncinta."

Alhaji ya miƙe ya ce, "Ka ce wa manyanka su dawo."

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Da aka kai amarya, Zulkifilu ya ce a hankali, "Hasken idona, shagon fa har yau ba kowa."

"Ka toshe ƙofar da sunana ya buɗe?"

"Na toshe."

"To za su dawo. Ni dai na riga na shigo."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.